"Na Ji Tsoro Ne Na Sare Shi": Yaushe Shari'a Take Karɓar Wannan Uzuri?

 

Duk shekara, da zarar shinkafa ta fara nuna a fadamun Guri da Kirikasamma, garkunan shanu kuma suka fara gangarowa neman ruwa da ɗanyar ciyawa, akwai tambayar da take yawan shigo min ta akwatin saƙo, kusan da lafazi iri ɗaya: "Malam, idan na ji tsoron mutum zai kashe ni, ya halatta in riga shi?" Manoma suna turowa, makiyaya ma suna turowa, kowa yana zaton shi kaɗai ne yake kwana da ido ɗaya a buɗe. Abin da ya sa ba na amsawa da eh ko a'a shi ne, yawancin masu tambayar babu abin da ya same su tukuna. Fatawa suke so su sa a aljihu, su fita da ita daji tare da adda ko kwari da baka. Fatawar da za a iya kashe rai da ita kuwa ba a bayar da ita a layi biyu. Don haka ku yi haƙuri da tsawon rubutun nan, kuma a karanta har ƙarshe kafin a tura wa wani.

Tsoron nan gaskiya ne, ba na raina shi. Duk wanda ya san yankin nan ya san abin da ya canza. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ruwan da yake malala ya shayar da fadamar Hadejia zuwa Nguru ya daina zuwa yadda kakanni suka san shi. Ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa ta cinye gonaki. Injin ban ruwa ya shigo, noman rani ya bunƙasa, filin da a da manomi yake girbewa ya bar wa shanu su yi kiwo, yanzu yana cire shinkafa zai zuba alkama. Mutane sun ƙaru, shanu sun ƙaru, ƙasa kuwa ba ta ƙaru da taku ɗaya ba. Burtali ya matse, wani wurin ma ya ɓace gaba ɗaya. Shi ya sa shekara da shekaru idan kaka ta yi sai ka ji an yi arangama a ƙauyukan Guri, an jikkata mutane, an ƙona rugage ko tarin amfanin gona, wani lokaci an rasa rayuka. Kuma Hausawa ne da Mangawa da Badawa da Fulani, masu cin kasuwa ɗaya, masu tsayawa sahu ɗaya ranar Juma'a. Wanda aka taɓa harbin ƙaninsa da kibiya a gona, ba za ka ce masa kada gabansa ya faɗi idan ya hango ƙurar shanu ba. To amma faɗuwar gaba daban, halaccin jini daban.

Mu fara da abin da babu saɓani a kansa. Musulunci bai ce ka miƙa wuyanka ga mai son yanka ka ba. Malaman fiƙihu suna da mas'alar da suke kira daf'us sa'il, wato tunkuɗe mai kawo hari. Daga cikin dalilanta akwai hadisin Abu Huraira da Imamu Muslim ya ruwaito, inda wani mutum ya tambayi Annabi (SAW) game da wanda ya zo ƙwace masa dukiya. Annabi ya hana shi miƙawa, ya yi masa izinin faɗa idan wancan ya yaƙe shi, ya sanar da shi cewa idan aka kashe shi a haka ya yi shahada, idan kuma maharin ne ya mutu to wuta ce makomarsa. An kuma ruwaito cewa a zamanin Sayyidina Umar wata yarinya ta jefi wanda ya nemi keta mata haddi da dutse ya mutu, Umar ya hana a biya diyyarsa. Hadisin Muslim ɗin nan kusan kowane matashi ya haddace shi. Wanda ba a cika karantawa ba shi ne ɗan uwansa da ke cikin Sunan na Nasa'i. Tambaya iri ɗaya ce, amma amsar ta zo mataki-mataki: a fara tuna wa maharin Allah, in bai ji ba a nemi taimakon Musulmin da ke kusa, in babu kowa a nemi hukuma, sai idan hukuma ta yi nisa sannan a yi faɗa. Mu kuma mun ɗauki matakin ƙarshe mun mayar da shi na farko.

A mazhabarmu ta Malikiyya, Shaihu Khalil a cikin Mukhtasar, littafin da alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna hukunci da shi tun kafin zuwan Turawa, ya dunƙule mas'alar a 'yan kalmomi. Ya halatta tunkuɗe mahari ko da a kan dukiya ne, amma bayan an yi masa gargaɗi idan mai fahimtar gargaɗi ne. Ya halatta a nufi kashe shi, da sharaɗin an san babu abin da zai tsayar da shi sai kisan. Sannan ya hana ko da ji masa rauni idan wanda aka kawo wa harin zai iya guje masa ba tare da wahala ba.

Ka lura da kalmar da ya rataya kisa a kanta: sani. Bai rataya shi a kan bugun zuciya ba. Malamai suna kasa abin da yake cikin ran mutum game da wani al'amari kashi huɗu: yaƙini, da rinjayen zato, da shakka, da wahami. Shari'a ba ta ce sai ka samu yaƙini ba, domin yaƙinin cewa mutum zai kashe ka ba ya cika sai wuƙa ta shiga, lokacin kuwa fatawa ba ta da sauran amfani a gare ka. Rinjayen zato ya wadatar. Amma rinjayen zato yana da abin da yake tsayawa a kai, abin da ido ya gani ko kunne ya ji, daga wannan mutumin, a wannan lokacin.

Bari in kawo shi kusa. Kana gadin shinkafarka da dare, ka ji motsi, ka haska tocila, sai ga saurayi da sanda a kafaɗa da adda a rataye, shanu na bayansa. Gabanka ya faɗi. Me ka gani? Ka ga makiyayi da kayan aikinsa. Sanda a kafaɗar Bafulatani kamar lauje ce a hannunka, shi ma in ya hango ka da laujen gabansa faɗuwa yake yi. A nan abin da kake da shi bai wuce shakka ba, haƙƙinka kuma shi ne ka yi magana, ka ɗaga murya, ka kira maƙwabtan gona, ka kora shanun, ka gane fuska ko alamar garken. To amma a ce ka yi magana, sai ya ja baya ya ɗana kibiya ya saita ka, ko ya zare adda ya nufo ka da gudu, bayanka ruwa, babu wurin tsira. Wannan kam babu malamin da zai ce ka tsaya sai sara ya sauka a kanka. Ka kare kanka da abin da ya sawwaƙa, idan ajalinsa ya zo a haka babu ƙisasi a kanka, babu diyya. Daren ɗaya ne, gonar ɗaya, mutumin ɗaya, tsoron da kake ji a ƙirjinka ma watakila ɗaya ne a duka biyun. Abin da ya bambanta shi ne abin da shi ya aikata.

Ni ma'aunin da nake ba mutane mai sauƙi ne. Ka ɗauka akwai wani dattijo mai hankali tsaye kusa da kai, baƙo, bai san rigimar bara ba, bai ji saƙon murya da aka yi ta turawa a WhatsApp cewa "suna nan tafe" ba. Shin abin da ya gani da idonsa zai sa ya ce wallahi za a kashe bawan Allahn nan? Idan zai faɗi haka, tsoronka hujja ne. Idan kuwa sai ka zaunar da shi ka ba shi labarin abin da wasu masu kama da wannan suka yi a wani gari shekara uku da suka wuce kafin ya fahimci dalilinka, to abin da ke ranka tsohon ciwo ne, kuma wannan yaron ba shi ya ji maka shi ba. Na yarda alƙali zai duba duhun dare, da kaɗaici, da nisan gari, zai kuma duba idan wannan mutumin da kansa ya taɓa yi maka barazana. Duk waɗannan suna ƙara wa tsoro nauyi. Amma barazanar jiya abin da take ba ka shi ne ka kai ƙara wurin bulama ko 'yan sanda, ka kuma yi hattara. Ba ta ba ka damar ka yi sammako ka same shi a rugarsa ba.

Akwai wata mas'ala a Muwaɗɗa da nake so kowa ya yi tunani a kanta. Imamu Malik ya yi magana kan raƙumin da ya taso wa mutum, mutumin ya ji tsoron ransa ya kashe shi. Hukuncin da ya bayar shi ne, idan yana da shaidu cewa raƙumin ya kawo masa hari, ba zai biya komai ba. Idan kuwa babu komai sai maganar bakinsa, zai biya kuɗin raƙumin. Raƙumi fa! Dabbar da ba ta da 'ya'ya marayu da za su taso suna tambayar wa ya kashe ubansu. Idan "na ji tsoro" ita kaɗai ba ta isa ta kuɓutar da kai daga biyan raƙumi ba, ta yaya za ta isa a kan ran ɗan Adam? Hikimar a fili take. Tsoro a cikin zuciya yake, babu mai ganinsa, kuma wanda ya mutu ba zai tashi ya ba da nasa labarin ba. Da za a buɗe wannan ƙofa, duk mai gaba da wani sai ya jira shi a hanyar fadama, in ya gama ya zo ya ce tsoro ya ji.

Yanzu maganar shanu a cikin gona, wadda ita ce mafarin yawancin faɗan da ake yi a nan. Wani zai ce, ai Khalil ya ce ko a kan dukiya ne, kuma shinkafata dukiyata ce, bashi na ci na sayi taki da man inji. Gaskiya ne, kuma wanda bai taɓa tsayawa a kan gonar da aka cinye dare ɗaya ba bai san zafin abin ba. Amma ka duba, a cikin Mukhtasar ɗin, daga gama maganar mahari sai Shaihu ya shiga hukuncin abin da dabbobi suka ɓata, ya ɗora biyan ɓarnar dare a kan mai dabbobin. Mas'alolin biyu suna maƙwabtaka, amma bai cakuɗa su ba. Asalin wannan kuwa hukuncin Annabi (SAW) ne lokacin da taguwar Bara'u ɗan Azib ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, ya ɗora tsaron gonaki da rana a kan masu gonaki, ya ɗora ɓarnar dare a kan masu dabbobi. Malamanmu sun ƙara bayani cewa ko da rana ne, idan akwai makiyayi tare da su ya yi sakaci, ko aka sake su dab da gonaki, to akwai biya. Kafin wannan ma, Suratul Anbiya ta ba mu labarin Annabi Dawud da Annabi Sulaiman suna hukunci a kan gonar da tumaki suka shiga da dare. Rigimar manomi da makiyayi ta kai gaban annabawa biyu, kuma abin da suka tattauna shi ne yadda za a biya mai gona. Saniya a cikin shinkafa bashi ce a wuyan mai ita. Ka kora ta, ka kafa shaida, a ƙiyasta, a biya ka. Idan makiyayin ya tsaya da makami ya ce ba za a fitar da su ba, ya nufo ka, to a nan ne magana ta tashi daga ɓarna ta koma hari, hukuncin ma ya canza.

Kai ma ɗan uwana makiyayi, maganar nan taka ce. Manomin da ya noma burtali ya zalunce ka, wanda ya kama maka saniya ya ɗaure ya ce sai ka biya abin da ya fi ɓarnar ya zalunce ka, wanda ya daki yaronka ya zalunce ka. Duk waɗannan suna da wurin kai ƙara: ardo, bulama, hakimi, kotu, da hukumar sasanta manoma da makiyaya ta jihar Jigawa. Babu ɗaya daga cikinsu da ya halatta maka ɗana kibiya. Kuma wanda ya kora shanunsa cikin gonar mutane da gangan da tsakar dare, da makami a hannu yana jiran mai gona ya fito, ba shi da bakin cewa kare kansa ya yi, domin shi ne maharin.

Abin da ya fi ci min rai shi ne abin da yake biyo baya washegari. An yi ɓarna da dare ko an sari wani, masu laifin sau da yawa baƙi ne masu wucewa, kafin gari ya waye sun yi nisa. Sai matasa su taru su nufi rugar da ta fi kusa, ta mutanen da suka shekara talatin a wurin, waɗanda matansu suke kawo nono cikin gari kullum. Ko kuma ta ɗaya ɓangaren, a dawo da dare a cinna wa tarin shinkafar wanda bai san hawa ba bai san sauka ba wuta. In ka tambaya sai a ce kare kai ne, in ba mu yi musu ba za su yi mana. Wannan sunansa ramuwar gayya, kuma a kan wanda bai yi laifi ba. Alƙur'ani ya maimaita a surori da dama cewa ba a ɗora wa wani rai laifin wani. Ko da a ce ainihin mai laifin kuka samu, ƙisasi aikin hukuma ne bayan shari'a, malamai ba su bar shi a hannun 'yan unguwa ba.

Mu da muke Arewa bai kamata a tsaya yi mana dogon bayani kan wannan ba, don mun ɗanɗana. A ƙarshen watan Maris na 2025, ana dab da ƙaramar Sallah, aka tare mafarauta 'yan jihar Kano a garin Uromi na jihar Edo, suna hanyar dawowa gida daga Fatakwal. Aka ga bindigogin farauta a motar, aka yi ihun masu garkuwa da mutane ne, aka kashe mutum 16, aka cinna musu wuta. Mutanen yankin sun sha wahalar masu satar mutane, wannan ba ƙarya ba ne, tsoronsu yana da tushe. Amma me waɗannan bayin Allah suka yi a wannan ranar? Babu. Kamanninsu da harshensu da kayan sana'arsu aka gani. Duk wanda ya yi kuka da Uromi, sannan ya zo yana cewa duk Bafulatanin da aka gani da sanda a bakin gona a far masa, to ya sani hujjar mutanen Uromi ya ara.

Sai gaɓa mafi wuya, wadda ko alƙalai suke saɓani a kanta: yaushe haƙƙin kare kai yake ƙarewa? Ƙa'idar a baki mai sauƙi ce, yana farawa da farawar haɗari, yana ƙarewa da ƙarewarsa. Wanda ya juya da gudu ba a bin sa, wanda ya faɗi ba a ƙarasa shi, wanda ya yar da makami an gama da shi. Ko a fagen yaƙi, da Usama ɗan Zaid ya kashe mutumin da ya furta kalmar shahada bayan an rinjaye shi, ya kawo uzurin cewa tsoron makami ne ya sa ya furta, Annabi (SAW) bai karɓa ba, ya yi ta maimaita masa zargi har Usama ya yi fatan da a ranar ya musulunta. To amma a aikace, cikin daƙiƙa biyar, mutum biyu suna birgima a ƙasa, wa zai ce ga inda haɗari ya ƙare?

Shari'ar Sunday Jackson ta jihar Adamawa a kan wannan gaɓar ta tsaya. Manomi ne, a 2015 suka yi faɗa da wani makiyayi a gona. Bisa bayaninsa, makiyayin ya soke shi da wuƙa, ya ƙwace wuƙar ya soke shi a wuya har sau uku, ya mutu. Babbar kotu a Yola ta yanke masa hukuncin kisa a 2021, Kotun Ƙoli ta tabbatar a watan Maris na 2025. Hujjar masu rinjaye ita ce, tunda wuƙa ta dawo hannunsa haɗari ya kau, yana da damar guduwa. Mai shari'a Helen Ogunwumiju ta saɓa musu, tana ganin ba adalci ba ne a ce wanda aka soka a ƙafa ya tsere. A watan Disamba na 2025 gwamnan Adamawa Ahmadu Umaru Fintiri ya yi masa afuwa. Na ga yadda aka yi ta musu a kan wannan shari'a a nan Facebook, kuma abin takaici kusan kowa ya duba sunan wanda ya mutu da sunan wanda ya kashe ne sannan ya zaɓi ɓangare. Ku cire sunayen. Ku ɗauka manomin ɗan Kadira ne ko Musari, ko ku juya ku ce makiyayin ne ya ƙwace wuƙar.

Ni abin da nake gani, Khalil da ya ce a gudu ya sa sharaɗin rashin wahala, kuma mai rauni a ƙafa, abokin faɗansa na kusa da shi da ƙarfinsa, da wuya a ce gudunsa babu wahala. Ta wannan fuskar maganar mai shari'ar da ta saɓa tana da ƙarfi. Amma kuma suka uku a wuya tambaya ce da ba za a share ba, kuma mamacin ba ya nan balle ya faɗi nasa. Tsakanin a rataye mutum da a ce ba shi da laifin komai akwai mataki na tsakiya, kuma dokar ƙasa ma ta san da shi. Kundin Final Kod na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, a sashe na 222 ya ware wanda ya wuce iyaka wajen kare kansa da kyakkyawar niyya, ba tare da shirin kisa tun farko ba, ya ce kisansa ba na hukuncin kisa ba ne, amma laifi ne da ake hukuntawa. A ganina a nan irin wannan shari'a ta fi dacewa ta sauka. A Amurka kuwa wasu jihohi sun tafi can ɗaya ƙarshen. Jihar Fulorida ta yi doka a 2005 da ta cire wajabcin ja da baya, kuma a jihar ce a 2012 wani ɗan sintirin unguwa, George Zimmerman, ya harbe Trayvon Martin, yaro baƙar fata ɗan shekara 17 da ba ya ɗauke da makami, ya ce kare kansa ya yi, aka wanke shi a 2013. Wannan hanya ba na yi mana fatanta a fadamar da kowa yake yawo da ƙarfe a hannu.

Tunda na ambaci dokar ƙasa, ya kamata a san cewa a wannan babin ba ta yi nisa da fiƙihu ba. Sashe na 33 na kundin tsarin mulkin 1999 ya yarda da amfani da ƙarfi gwargwadon buƙata don kare rai ko dukiya. Final Kod daga sashe na 59 zuwa na 67 ya yi bayanin haƙƙin kare kai: ba a yin cutarwar da ta wuce abin da ake buƙata, kuma ba ya kaiwa ga kisa sai a irin harin da mai hankali zai ji tsoron mutuwa ko mummunan rauni, ko fyaɗe, ko sace mutum, ko fashi da makamantansu. Akwai kuma sashen da ya ce babu wannan haƙƙin idan akwai lokacin neman kariyar hukuma. Kusan abin da hadisin Nasa'i ya tsara ke nan. Don haka kada wani ya ruɗe ka cewa kotun shari'ar Musulunci, da Jigawa take da su, za ta karɓi uzurin da babbar kotu ta ƙi. A duka biyun za a tambaye ka me ka gani, me ka yi kafin ka ɗaga hannu, kuma wa ya shaida.

Wannan sharaɗi na neman hukuma, a nan ne zan juya ga masu mulki. A watan Afrilu na 2025 Janar T.Y. Danjuma ya sake kiran da ya taɓa yi a 2018 cewa mutane su tashi su kare kansu, gwamnanmu Malam Umar Namadi ya mayar da martani cewa hakan zai jawo zaman kara zube. Ina tare da gwamna a kan cewa raba wa jama'a izinin ɗaukar makami ba mafita ba ne, Uromi ta ishe mu darasi. Amma maganar tana da nauyi a wuyan mai faɗinta. Doka ta ce ka nemi hukuma idan da lokaci, hadisi ya ce ka yi faɗa idan hukuma ta yi nisa. Ke nan duk lokacin da hukuma ta matso kusa, fagen da mutum zai kare kansa da hannunsa yana ƙanƙancewa, duk lokacin da ta yi nisa yana faɗaɗa. A ƙauyukan da idan ruwa ya cika sai da kwalekwale ake shiga, inda za ka kira waya da magariba a iso da hantsi, wa ya faɗaɗa fagen? Manomin da aka cinye masa gona sau biyu ya kai ƙara ba a biya shi ko kwano ɗaya ba, da makiyayin da aka noma masa burtali ya yi ta zarya ba a buɗe ba, su ne suke turo min tambayar nan. A shata burtali a tsare shi, a sanar da lokacin shigowar shanu fadama a kuma tsaya a kai, a ƙiyasta ɓarna cikin kwana biyu a biya, a ajiye jami'an tsaro a fadama lokacin girbi tun kafin a zubar da jini. Masarautar Hadejia da hakimanta da ardo-ardo sun san kowa, a ba su ƙarfin yin aikin.

Wanda kuma Allah Ya jarrabe shi, aka kawo masa hari na gaskiya har rai ya salwanta a hannunsa, kada ya gudu, kada ya ɓoye gawa, kada ya jefa makamin a ruwa. Idan wancan yana da sauran numfashi a nema masa taimako, domin da harin ya ƙare ya koma Musulmi mai rauni da yake da haƙƙi a kanka. Ka je wurin bulama da 'yan sanda da ƙafarka, a ga raunin jikinka tun yana ɗanye, a rubuta a asibiti, a je a ga wurin kafin shanu su tattake sawu, ka faɗi sunan duk wanda ya ji ihunka. Ka nemi lauya kafin ka sa hannu a kan takardar da ba ka iya karantawa ba. Ka tuna mas'alar raƙumin Imamu Malik: abin da za a nema a wurinka shaida ce.

Maganar diyya, da wanda yake biyanta idan an wuce iyaka, da yadda ake ƙiyasta shukar da aka cinye tun ba ta nuna ba, sai a rubutu na gaba in sha Allahu.

Wallahu a'alam.